Tayar da Tsohon Babur a Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Jos

A gidaje da dama a Gangare, Anguwar Rogo, Nasarawa da Bukuru za ka tarar da babur a jingine cikin zaure ko bayan ɗaki, ƙura ta lulluɓe shi. Wani Honda Benly ne na mahaifi, wani Vespa ta kaka, wani kuwa Suzuki A100 da aka ajiye tun ranar da aka rasa wani ɗan ƙarfe guda. Yawancinsu doguwar ajiya ce ta kwantar da su, kuma za su tashi in an bi su a hankali. Waɗannan su ne tambayoyin da masu son yin aikin da hannunsu suka fi yi. Ma'aunan da muka kawo na baburan da muka ambata ne; in naka daban ne, nemi littafin gyaransa kafin ka ɗora sifana.

Wane babur ya dace da wanda zai fara?

Honda CG125. Tun 1975 aka fito da shi, kuma an ƙera injinsa ne musamman don ƙasashen da ba a cika sauya baƙin mai a kan kari ba. Silinda ɗaya ce, babu sarƙar tayimin, 'yan sanduna ne ke tura bawul. Ƙari a kan haka, kamfanonin Sin sun kwaikwayi wannan inji sosai, don haka fistin, ringi, gasket da kuloci ba sa wuyar samu. Na biyu shi ne dangin Honda Cub, wato C50, C70 da C90, waɗanda asalinsu ya faro daga 1958.

Benly CD175 da ƙannensa CD185 da CD200 sun fi daɗin hawa, sautinsu ma daban ne, amma silinda biyu ce kuma kayansu sai an sha nema. Suzuki A100, Yamaha YB100 da Vespa masu cin fetur haɗe da mai ne, injinsu ba shi da bawul, buɗe shi da sauƙi, sai dai kuskure kaɗan a wajen mai yana ƙona fistin.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Fara da lamba. Lambar firam tana jikin wuyan babur ko a gefen firam, lambar inji kuma a jikin kaskon inji, galibi ta hagu. Ka gwada su da abin da ke cikin takardu. In ka ga alamar an goge wurin da garanda ko an sake buga lambar, bar shi komai araharsa. In takardun sun ɓace, kamar yadda aka saba da babur ɗin gado, a rubuta yarjejeniyar ciniki da lambobin biyu a ciki, magada su sa hannu a gaban shaidu. Da ita za ka nemi sabuwar rajista da inshora, kada ka gama wahala 'yan VIO su tare ka a Terminus ba ka da abin nunawa.

Daga nan ka tsuguna a bayansa ka hango ko tayar baya da ta gaba suna kan layi ɗaya. Fenti da ya tsattsage a wuyan firam alama ce ta an taɓa yin karo da shi. Buɗe tanki ka haska, ka shinshina. Taka kik a hankali ka ji ko inji na juyawa.

Abin da mutane ke rainawa shi ne ƙananan kayan jiki: murfin gefe, tambarin tanki, mita, gidan sarƙa, madgad, gidan fitila. Injin da ya mutu ana tayar da shi, amma murfin gefen Benly na asali kana iya shekara kana cigiya. Babur da ba ya tashi amma jikinsa cikakke ya fi wanda ke tashi an kwashe rabin kayansa.

Waɗanne kayan aiki zan tanada?

Sifanu da soket masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 sun ɗauke yawancin aikin baburan Japan. Sai sifanar fulogi, filaya, gudumar roba, filageji mai auna tsakani daga milimita 0.05, mita mai auna wuta, da fula ta cire fulawil. A ƙananan Honda da yawa zaren wannan fula na hagu ne. Kada ka taɓa dukan fulawil da guduma don ya fita, maganaɗisunsa na raunana, kan karanshaf ma na iya lanƙwashewa.

Akwai abu ɗaya da ke ɓata tsofaffin injuna fiye da tsatsa, wato sukudireba da ba ta dace ba. Sukurorin baburan Japan masu kan kuros ba irin na Phillips ba ne, ma'auninsu JIS ne, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen kuros ɗin. Sukudirebar kasuwa takan zame ta cinye kan. Nemi ta JIS, ko irin wadda ake doka wa guduma ta juya da kanta. Ka zaunar da bakinta sosai, duka ɗaya mai kyau, sukurun da ya shekara 40 zai saki.

Wurin aiki kuma ya kasance mai iska. Kada ka bar inji na aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. Fetur ya yi nesa da murhu da janareta, a ajiye bokitin yashi kusa.

Na kawo shi gida. In wargaza shi duka in fara daga tushe?

A'a, Malam. Nan ne mafi yawan ayyuka ke mutuwa: an kwance babur a rana ɗaya, an zuba notuna a kwano ɗaya, bayan wata shida babu mai tuna inda komai yake, daga ƙarshe 'yan gwangwan su auna shi a kilo.

Wanke shi tukuna. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe da waya, musamman yadda wayoyi da kebul suka bi jikin firam. Sannan ka bi wannan tsari: tabbatar inji na juyawa, zubar da tsohon baƙin mai ka sa sabo, nemo wuta a fulogi, gyara tanki da kafireta, tayar da shi ka saurara. Sai ka ji muryar inji za ka san ciwonsa. Bayan haka birki da taya, sannan fitilu. Fenti shi ne na ƙarshe. Duk abin da ka kwance, zuba shi a leda daban ka rubuta sunansa. Sukurorin murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka zana siffar murfin a kwali ka soke kowanne a gurbinsa.

Kik ya ƙi motsi ko kaɗan. Injin ya tashi aiki ke nan?

Ba lallai ba. Galibi ringi ne suka manne da jikin silinda saboda danshi. Cire fulogi, zuba cokali biyu ko uku na man gas ko man giyar mota mai sarrafa kanta, ka bar shi kwana uku zuwa mako, kana ƙarawa. Sai ka buɗe murfin hagu ka kama notin fulawil da sifana, ka riƙa girgiza shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Kada ka hau kan kik da nauyinka, haƙoransa za su karye ko konrod ya lanƙwashe. In ya saki, ɗora tsumma a ramin fulogi ka juya injin sau da yawa man ya fita kafin ka mayar da fulogin. In mako biyu sun wuce bai motsa ba, cire kan silinda ka gani da idonka, wataƙila ruwa ne ya kwanta a ciki.

Tankin duk tsatsa ne. Yaya zan yi?

Cire famfon mai, ka toshe ramin, domin abin da za ka zuba yana cin irin ƙarfensa. Jefa notuna cikin tafin hannu ɗaya, ka ƙirga su, ka zuba kananzir kaɗan ka jijjiga na minti goma don ɓawon tsatsa ya zube. Fitar da su, ka sake ƙirgawa. Wanke da ruwan sabulu, sannan ka cika shi da farin binega ka bar shi awa 24 zuwa 48. Zubar, ɗauraye da ruwan da aka narka cokali uku na bekin soda don kashe tsamin, sake ɗaurayewa da ruwa zalla, ka shanya a rana nan take. Ƙarfen da aka wanke haka yana sake yin ja cikin 'yan mintuna, shi ya sa da ya bushe za ka zuba fetur kaɗan haɗe da mai ka juya ya shafi ko'ina. Sa ƙaramar filta a tiyon mai, ka kuma sauya tiyon da sabo.

In tankin na yoyo, kada ka kai wa mai walda haka nan. Tankin da babu fetur amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari. Sai an wanke shi sau da yawa, kuma a kai wa wanda ya saba da aikin tanki.

Yana tashi da cok, amma da na mayar da cok sai ya mutu. Me ya sa?

Ƙaramin jet ya toshe. Jet biyu ne a yawancin waɗannan kafiretoci: babba, wanda ke aiki in an murɗa totur sosai, da ƙarami, wanda ke riƙe inji a silo. Ramin ƙaramin siriri ne ƙwarai. Fetur da ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro, kuma wannan rami yake fara rufewa.

Kwance kafireta a kan farin tsumma. Kafin ka cire sukurun iska, ɗaure shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta. Yawanci tsakanin zagaye ɗaya da kwata ne zuwa ɗaya da rabi. Cire duk robobi, domin maganin wanke kafireta na kumbura su. Jiƙa jet-jet ɗin, ka zura silin wayar tagulla ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, ka ɗaga wa haske ka ga rami zagayayye. Allura ko wayar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya riƙa shan mai har abada. Fesa magani a kowace hanya ta jikin kafireta ka tabbatar ya fito ta ɗaya gefen, kana kare idonka.

Duba fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur cikin kwano. In na tagulla ne, girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa ya huje. Allurar da yake turawa in ta yi zobe a bakinta, ita ce ke sa fetur zuba ta ƙasa. Robar da ta haɗa kafireta da inji ma a duba ta: in ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, silo ya riƙa hawa da sauka da kansa.

Sai batun da ya shafi Jos kai tsaye. Garin na bisa tudu kimanin mita 1,200 daga teku, iskarsa ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 12 cikin 100. Kafiretar da aka saita don ƙasa-ƙasa takan ba da fetur fiye da iskar da ke akwai. Alamarsa fulogi baƙi ƙirin mai toka, da nauyin ja a hawan tudu. Kafin ka taɓa jet, tabbatar filtar iska tsaf take. In bai gyaru ba, ɗaga kilif ɗin allurar totur da gurbi ɗaya don allurar ta sauka, ko ka rage babban jet da mataki ɗaya kawai. Launin da ake nema a bakin fulogi shi ne ruwan ƙasa, kamar shayi da madara. Fari fat haɗari ne, injin na zafi fiye da kima. Ka kuma tuna, in za ka gangara Akwanga ko Abuja, saitin Jos zai koma ƙarancin fetur a can, don haka kada ka rage har ƙarshe, musamman a injin da ke cin mai haɗe da fetur.

Babu wuta a fulogi. Ta ina zan fara?

Daga mai araha zuwa mai tsada. Sa sabon fulogi, ka jingina jikinsa da inji, ka taka kik a inuwa. Wuta shuɗiya mai ƙara ake so. CG125 na amfani da NGK D8EA, C50 da C70 kuma C7HSA, tsakanin bakinsu milimita 0.6 zuwa 0.7. In babu wuta, kwance hular fulogi, yanke santimita ɗaya daga bakin wayar inda ta yi kore, ka mayar.

Na gaba kontak, wato ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don fulogi ya samu wuta, wanda ke bayan fulawil ko ƙarƙashin ɗan murfi a gefen inji. Ajiya na sa bakinsa ya yi wani farin datti da ke hana wuta wucewa, kuma wannan kaɗai ne matsalar babura da yawa da aka ce sun mutu. Goge shi da sanfefa mai laushi, sannan ka ja farar takarda a tsakani har ta fito fes. Saita buɗewarsa milimita 0.3 zuwa 0.4. A jikin fulawil akwai haruffa biyu, F da T. Kontak zai fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin kasko. Hanya mai sauƙi: maƙala siririyar takarda a bakinsa, ka juya fulawil a hankali kana ɗan jan ta, inda ta saki, nan ya buɗe.

In babur na tashi lafiya amma ya fara tari in ya yi zafi, kuma kana ganin tartsatsi mai yawa a bakin kontak, kondensa ce. In yana mutuwa bayan minti 15 sai ya huce ya tashi, zargi koyil. Kada ka manta da wayar makulli, wadda a injunan magneto take kashe wuta ta hanyar haɗa ta da jiki. In ta goge tana taɓa firam, ba za ka ga wuta ba ko ka sauya komai.

Ana iya mayar da babur CDI, wato tsarin wuta na zamani mara kontak, kuma yana rage wahala. In ka yi, adana tsohon faranti da fulawil a leda, darajar babur na tare da kayansa na asali.

Me ya sa ƙwan fitila ke ƙonewa da na ƙara wuta?

Yawancin waɗannan babura na shekarun 1970 bolt 6 ne, kuma ba su da regileta. Batir ne ke shanye rarar wuta. In babu batir, ko ya mutu, ko wayar jiki ta yi tsatsa, wutar sai ta faɗa kan ƙwai. In na baya ya ƙone, na gaba ma zai bi shi, don haka a sauya nan da nan, kuma da mai wat ɗin da aka rubuta. Lafiyayyen batir na bolt 6 yana nuna kusan 6.3 a ajiye, ya haura 7 in inji na aiki. Na 12 kuma 12.6 a ajiye, 13.5 zuwa 14.5 a kan aiki. In bai hau ba, duba rektifaya. Tsohuwar mai faranti-faranti ana musanya ta da ta zamani a kuɗi kaɗan. Ruwan batir da aka tace kawai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba.

Ta yaya zan san ko injin na buƙatar garambawul?

Da awo, kada a yi da ka. Amma fara saita tafet, wato 'yar tazarar da ke tsakanin roka da kan bawul, domin bawul da ya matse yana sa lafiyayyen inji ya yi kamar ya gaji. Inji ya kwana a sanyi. Juya fulawil har T ta zo kan alama, a zagayen da duka rokoki biyu ke da ɗan wasa. CG125 milimita 0.08 ne shiga da fita. Cub da CD175 kuma 0.05. Filageji ya wuce da ɗan ja kaɗan. Ƙaramar ƙara ta tafet ba ta da illa, shiru gaba ɗaya ne abin tsoro, don bawul ɗin fita na ƙonewa in ba ya zama sosai.

Sannan ka auna matsin silinda da geji, totur a buɗe duka, kik biyar ko shida. Ƙaramin inji mai bawul in yana da lafiya yakan ba da psi 140 zuwa sama a bakin teku. A Jos ka sa ran ƙasa da haka da kusan kashi ɗaya cikin takwas saboda tudu. In ya gaza 100, zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin fulogi ka sake. Ya hau sosai, ringi ne ko silinda. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kai.

Sabbin ringi a silindar da ta cinye asarar kuɗi ce. Shafa yatsa a saman silinda, in ka ji gaɓa, sai borin. Fistin na zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Sayi fistin tukuna ka kai wa mai borin tare da silindar, ya yanka daidai da shi, kuma kada a tsallake mataki ba dalili, silindar asali ba ta da yawa. Wanke ta da ruwan zafi da sabulu har farin tsumma ya daina baƙi, ka shafa mai. Saka kowane ringi cikin silinda shi kaɗai ka auna bakinsa, milimita 0.15 zuwa 0.35. Harafin da ke jikin ringi na kallon sama, bakunansu a rarrabe, alamar IN a kan fistin na kallon kafireta. Toshe bakin kasko da tsumma kafin ka sa kilif ɗin fin, kuma sabon kilif za ka sa. Ɗaure notunan kai a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku.

Kilomita 500 na farko kada ka wuce rabin totur, kada ka ɗauki kaya zuwa hawan Shere, ka sauya mai a ƙarshensu, ka sake duba tafet.

Wane baƙin mai zan zuba?

20W-50 ko 10W-40 na babur, mai alamar JASO MA a jikin gora. Kulocin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma na ɗauke da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. CG125 na cin kusan lita ɗaya, Cub ƙasa da haka, CD175 kusan lita ɗaya da rabi. Sauya duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. Ba su da filtar takarda. Rariya ce ta waya, da wani kwano mai juyawa a bayan murfin dama wanda ke tara datti. Wanda bai taɓa buɗe wannan kwano ba zai tarar da laka ta daskare a ciki. Kankare ta ko da sau ɗaya a shekara.

Vespa da sauran masu haɗin mai fa?

Vespa irin su Super, Sprint da PX na son kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na man 2T a kowace litar fetur. A auna da sirinji ko kofin awo. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa, toshe salansa yake yi. Gidan giyar PX na cin kusan mililita 250 na SAE 30. Giya na fita da kanta? Saita kebul biyun tukuna, in bai daina ba kuros ɗin da ke riƙe giya a cikin gidanta ya cinye. Rim ɗinta gida biyu ne da aka haɗa da notuna, saboda haka sace iskar taya gaba ɗaya kafin ka kwance su.

A100 da YB100 suna da famfon da ke ba da mai da kansa. Bayan doguwar ajiya fitar da iskar da ke cikin tiyonsa, ka haɗa mai a tankin farko har ka ga man tankin gefe na raguwa. Kada a cire famfon Suzuki a koma haɗawa a tanki kawai, domin shi ke shayar da boris ɗin karanshaf kai tsaye.

A duk irin waɗannan injuna, sil ɗin karanshaf da ya shekara 30 ya bushe. In yana shan iska, inji zai riƙa ƙara gudu da kansa, fistin ya yi zafi ya kama. In na ɓangaren giya ne, za ka ga farin hayaƙi mai kauri, man giya na raguwa. Sauya su kafin doguwar tafiya.

Tayoyin ba su cinye ba. Dole in sauya?

Dole. Roba na tsufa ko ba a hau ba. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen taya: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Lambobi uku kacal na nufin kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta haura shekara shida ko bakwai kyan ɗan maciji gare ta, ranar da ruwa ya sauka a kwalta za ta nuna hali. Sauya tiyub da robar da ke rufe kan sifok tare. Ƙwanƙwasa kowane sifok da sifana, wanda bai yi ƙara ba ya saki.

Takalman birki ma sababbi za ka sa, ko da tsofaffin na da kauri, domin gam ɗinsu na saki fatar ta ɓalle ta kulle taya. Tsofaffin na iya ƙunsar asbestos, kada ka hura ƙurarsu, goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗan giris a kan kam ɗin birki kawai. Sarƙa da siforoket biyu tare ake sauya su, 428 ga CG125, 420 ga C50 da C70, a bar mata wasa kusan santimita 2, rufaffen bakin kilif na kallon inda sarƙa ke tafiya.

Zaren fulogi ya lalace, ko noti ya karye a ciki?

Zaren da ya mutu a alminiyam ana sa masa Helicoil, wato naɗaɗɗiyar waya mai maye gurbin zare, ya dawo ma'auninsa na asali. Cire kan silinda a kai wa mai injin tona. Rigakafinsa: ɗaura fulogi da yatsu har ya zauna, sannan rabin zagaye da sifana in sabo ne. Sukurorin milimita 6 ba sa son ƙarfin ɗauri fiye da Nm 10 zuwa 12. Wanda ya karye ya bar kai a waje, a yi wa noti walda a kansa, zafin ma na taimakawa ya saki.

Ina ake samun kaya?

A Jos fara da Dilimi da garejojin Farin Gada, ka tambayi dattawan bakanikai, su suka san gidan da wane babur yake kwance. In abu ya gagara, akwai Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, da kasuwar Nkwo ta Nnewi, cibiyar kayan babur a ƙasar nan. Tafi da tsohon a hannu ka gwada. Kayan da ke cinyewa, irin su sil, gasket, kebul da boris, sababbi za ka saya. Kafireta kuwa, tsohuwar Keihin ko Mikuni da aka wanke ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado. Kada ka yar da komai sai aikin ya ƙare.

In sake fenti ko in bar na asali?

In fentin asali na nan ko da ya dushe, wanke shi ka goge da folish ka gani tukuna. Ana iya yin sabo kowace rana, na kamfani kuwa in ya tafi ya tafi. Tsatsar kurom tana fita da takardar alminiyam ta girki da aka jiƙa da ruwa. In dole ne fenti, goge da sanfefa 180, sannan 400, faraima, 800 da ruwa, launi shafi uku marasa kauri. Tanki na buƙatar abin rufi na 2K, wato wanda ake haɗawa da maganin ƙarfafawa kafin a fesa, don fetur na narka fentin gwangwani, kuma 2K ba a fesa shi sai da takunkumin da aka yi don shi. Kada ka fesa ranar da ƙurar hunturu ta sauko, ko ranar hadari a Agusta, lokacin da danshi ke sa fenti ya yi hazo.

Na gāji BSA ko Triumph na zamanin Turawan kuza. Dokokin ɗaya ne?

Da bambanci. Notunansu ma'aunin Whitworth ne, sifanar milimita za ta cinye su. Da yawa wayar batir mai alamar tarawa ce ke zuwa jiki, saɓanin na Japan. Giya na ƙafar dama, birkin baya na hagu. Masu tankin mai daban, in sun daɗe a ajiye man na gangarawa ƙasan inji, sai an zubar kafin a tayar, kuma da ya tashi a leƙa tanki a ga mai na dawowa.

Yaya zan ajiye shi a damina, kuma me ya sa yake wuyar tashi da sanyin Disamba?

Da sanyin safiya fetur ba ya saurin zama tururi, mai kuma ya yi kauri. Buɗe famfon mai, ja cok, taka kik biyu makulli a kashe, sannan ka kunna ka taka ba tare da murɗa totur ba. Ba shi minti biyu ko uku kafin ka hau. A watannin ƙura wanke filtar iska duk mako biyu; ta soso a wanke da kananzir, a matse, a ɗiga mata mai kaɗan.

In zai zauna fiye da wata, rufe famfo ka bar inji ya shanye abin da ke kafireta, ko ka kwance sukurun ƙasan kwano. Cika tanki don kada danshi ya samu wuri. Cire batir ka riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ba. Ɗora babur a tsayuwar tsakiya bisa katako, ka rufe shi da tsohon zanen gado maimakon leda, wadda ke tara gumi. Kunna shi na minti biyu a tsaye yana tara ruwa a salansa ne kawai. In za ka tayar, hau shi ka yi tafiyar minti 20, kamar daga Jos zuwa Bukuru, har mai ya yi zafi sosai.